Kwamared Munkaila a Guangzhou

Munkaila bai taɓa hawa jirgin sama ba sai da ya haura shekara hamsin, kuma ba Makka jirgin ya kai shi ba, Guangzhou ya kai shi. Shi ne shugaban ƙungiyar ma'aikatan Rimi, wani kamfanin haɗa motoci da ke Kakuri a Kaduna, inda ya shiga tun yana saurayi a matsayin mai walda. A da, idan aka tashi daga aiki, titin gaban kamfanin cushewa yake yi da kekuna da babura da masu sayar da abinci. Yanzu rabin mako kawai ake tayar da injina. Ƙananan bas da a-kori-kurar da suke haɗawa sun yi layi a farfajiya, rana tana cin fentinsu. Motoci 'yan Kwatano ne suka fara karya su, sababbin motocin China suka zo suka ƙarasa.

Injiniya Umar Faruƙ, ɗan marigayin da ya kafa kamfanin, shi ya matsa a kan tafiyar.

"Kwamared, na gaji da ku ce ina ɓoye muku wani abu," in ji shi. "Akwai wani kamfani a China da yake son mu yi aiki tare. Zo mu tafi, ka gani da idonka, ka ji da kunnenka."

Kwamitin ƙungiya ya rabu biyu a kan maganar. Sabiru, mataimakin Munkaila, matashi ne mai zafi daga sashen injin, ya ce kada a je ko'ina, in akwai magana a yi ta a Kaduna a gaban kowa. A ƙarshe aka amince Munkaila ya tafi, bisa sharaɗin ba zai sa hannu a kan komai ba sai ya dawo an yi taron ma'aikata duka.

Wadda ta tarbe su Mas'uda ce, 'yar Kano da ta yi karatu a China ta zauna, tana da ɗan ofis a ginin Tianxiu inda take yi wa 'yan kasuwa tafinta da lodin kaya. Ta sauke su a wani otal a Xiaobei, sannan ta kai su cin abinci a wani bene da ake tuƙa tuwo. Munkaila ya yi mamakin jin Hausa a cikin lif, a bakin titi, har a bakin wani Bachane mai sayar da akwatuna da ya ce masa, "Alhaji, zo ka duba."

A wurin abincin suka haɗu da Alhaji Harouna, mutumin Maraɗi, faffaɗa mai fara'a, wanda ke sayen motoci yana sauke su a Kwatano. Da ya ji aikinsu sai ya yi dariya, ba ta mugunta ba.

"Har yanzu kuna wahalar haɗa mota da hannu? Wallahi kuna da haƙuri. Ni dai in saye ta a gama, in biya duwan, wato kwastan, in tura ta gaba. Ba ruwana da ma'aikaci ko ɗaya."

"Ma'aikatan nan su ne masu sayen kayan da kuke kaiwa, Alhaji," in ji Munkaila.

"Gaskiya ka faɗa, Malam," in ji Harouna, ya tura masa kwanon miya.

Washegari suka tafi Pazhou, wurin baje kolin kaka. Munkaila ya yi tafiya har ƙafarsa ta fara ciwo, bai ga ƙarshen rumfunan ba. A ɓangaren motoci ya tsaya gaban wata farar a-kori-kura, ya buɗe ƙofa, ya ɗaga robar gefe ya bi ɗinkin waldar da babban yatsansa. Sumul, babu ƙari babu ragi. Ya tambayi kuɗinta. Mas'uda ta faɗa, ya ce ta sake tambaya, wataƙila ba ta ji daidai ba.

"Ta ji daidai," in ji Umar Faruƙ. "Abin da muke kashewa a kan kayan haɗi kaɗai, kafin ka kunna wutar walda, ya fi haka. Ka ga abin da nake ta gaya muku?"

Munkaila ya rufe ƙofar motar a hankali.

Kamfanin da ke neman su ba ya cikin manya. Masana'antarsa tana can bayan gari, sai an wuce gadoji da dogayen gidaje da gonakin ayaba. Wanda aka turo ya ɗauke su wani dattijo ne mai suna Peng, ɗan siriri, ba ya yawan magana. Munkaila ya zauna gaba kusa da shi. Ana cikin tafiya idonsa ya sauka a kan hannun direban, ya ga ƙananan tabo farare birjik daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu. Ya naɗe hannun rigarsa ya nuna masa nasa. Peng ya duba, ya sake dubawa, sai ya yi murmushi ya faɗi wata magana.

"Baba, ya ce shi ma walda ya yi," in ji Mas'uda daga baya. "A wannan masana'antar da za mu. An rufe layinsu bara, aka sallame su. Yanzu da motar haya yake ci, su ma idan suna da baƙi sukan kira shi."

"Tambaye shi, ba su da ƙungiya ne?"

Peng ya yi wata 'yar dariya ta hanci kafin ya ba da amsa.

"Ya ce suna da ita. Lokacin bikinsu takan raba musu man girki da shinkafa. Ranar sallama ma shugabar ƙungiyar ce ta tsaya a bakin ƙofa tana yi musu godiya ɗaya bayan ɗaya."

"Kuma ba wanda ya ce uffan?"

"Ya ce wa za ka yi wa faɗa? Motar ce ba ta sayuwa."

Kafin su shiga harabar Munkaila ya ga abin da Peng yake nufi. Wani makeken fili ne shaƙe da sababbin motoci, ciyawa ta fito tsakanin tayoyinsu. Ya ɗauka Rimi ce kaɗai ke da irin wannan farfajiyar. A cikin zauren walda kuma hannayen ƙarfe ne ke sunkuyawa suna ɗagowa, tartsatsi na tashi, mutanen da ke wurin ba su kai cikin bas ɗaya ba. Rabin zauren a kashe yake, an lulluɓe na'urorin da leda.

Mai kamfanin, Mista Liang, wanda kowa ke kira lawban, wato maigida, ya karɓe su da shayi. Mutum ne mai ladabi da idanu irin na wanda ba ya samun barci. Bai ɓoye komai ba. Ya ce manyan kamfanoni suna ta sare farashi, ƙanana irinsa suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, dole ya samu inda zai kai motocinsa. Shawararsa ita ce ya riƙa turo su a gama, da fenti da injin da komai, a cire tayoyi da batir da bamba kawai. A Kaduna a mayar da su, a manna tambarin Rimi.

Mas'uda tana fassarawa, Munkaila yana lissafi a ransa. Aikin da aka kwatanta, 'yan tsirarun yara ma za su yi shi da sifana. Fuskoki suka riƙa zo masa: na sashen injin, na wayoyi, na kujeru, Malam Barmo mai kula da ɗakin ajiyar fenti wanda ya riga shi shiga kamfanin.

"Yallaɓai," ya ce wa Umar Faruƙ da Hausa, "wannan ba haɗa mota ba ne. Ka san da wannan ka kawo ni?"

"Na sani. Ina so ka taya ni neman abin da ya fi shi, in akwai."

Suka nemi a ba su wuri. A wani ƙaramin ɗaki suka shafe yinin, su biyu da Mas'uda, suna ja suna saki. Sau biyu Munkaila yana miƙewa zai fita. A ƙarshe suka tsaya a kan abu ɗaya: a turo kan motar da injinta, amma bayan a-kori-kura, inda ake zuba kaya, a ƙera shi a Kaduna, haka ma kujerun bas. Umar Faruƙ ya lissafa ya ga kwantena za ta ɗauki motoci fiye da da, don haka Liang ma zai ci riba. Da wannan, kusan rabin ma'aikata za su tsira. Sashen injin da na wayoyi da mafi yawan na fenti kuwa babu yadda aka yi da su.

Liang ya saurara, ya kira injiniyoyinsa suka yi ƙus-ƙus, sannan ya ce zai iya. Amma yana da sharaɗi. Ya ji labarin ƙungiyoyin ma'aikata na Najeriya, yana son shugaban ƙungiya ya sa hannu cewa ba za a yi yajin aiki ba har tsawon yarjejeniyar.

"Gaya masa hannuna ba nawa ba ne," in ji Munkaila. "Sai na koma na tara mutanena. In sun yarda, zan sa. In sun ƙi, ba zan yi masa ƙarya ba."

Liang ya gyaɗa kai, ya ce a sake zama jibi. Washegari da rana ya yi musu liyafa a wani gidan abincin Musulmi, aka cika tebur da rago da kifi. Da aka gama ya kama hannun Munkaila da hannu biyu, wani ya ɗauki hoto, kowa yana dariya. Munkaila ma ya yi murmushi, don bai ga dalilin ɗaure fuska ga mutumin da ya ciyar da shi ba.

Da la'asar ya kira Sabiru. A Kaduna hantsi bai gama yi ba.

"Mun ga hoto," in ji Sabiru, ko gaisuwa babu. "Yana shafin kamfani. An rubuta an cimma yarjejeniya."

"Ƙarya ne. Ban sa hannu a komai ba. Ka saurare ni in gaya maka yadda ake ciki."

Ya gaya masa duka, bai rage ba: filin motocin da ciyawa ta cinye, farashin da ya ji a Pazhou, shawarar Liang ta farko, da abin da suka samu bayan sun yi ja-in-ja.

"Rabi ka ce," in ji Sabiru.

"Kusan rabi."

"Wane rabin?"

"Walda da kujeru, da wasu daga fenti."

"Walda," in ji Sabiru. "Sashenka."

"Sabiru, ba don sashena ba ne. Shi ne abin da za a iya yi a gida. Injin ba za su taɓa bari..."

"Kwamared, mu muka ɗora ka. Ka je ka ci rago, ka ceci yaranka, mu kuma ka ce mu je ina? Me zan gaya wa mutanen injin?"

"Kada ka gaya musu komai. Ka jira ni in dawo in tsaya a gabansu da kaina. In za su jefe ni, su jefe ni."

Sabiru ya kashe wayar. Munkaila ya sake kira, ba a ɗauka ba. Ya kira sakataren ƙungiya, shi ma haka. Ya tura saƙon murya a dandalin ma'aikata, ya yi bayani dalla-dalla. Kafin magariba aka cire shi daga dandalin.

Zaman ƙarshe bayan azahar aka sa shi. Suna zaune a dogon tebur, an fara karanta sharuɗɗa, wayar Umar Faruƙ ta soma kaɗawa ba ƙaƙƙautawa. Ya duba, fuskarsa ta sauya, ya miƙa wa Munkaila.

Bidiyo ne. An ɗaure ƙofar Rimi da sarƙa, an tara tayoyi ana ƙonawa. Wani ya ɗaga kwali da hoton Munkaila da Liang, an ja jan layi a kan fuskarsa. Ya san kowa a wurin. Ga wanda ya yi wa waliyyin aure, ga wanda ya fitar daga hannun manaja lokacin da za a kore shi. Bidiyo na biyu ya fi na farko hayaniya. Iska ta kwashi wutar ta haura katanga, ta kama ɗakin ajiyar fenti. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe, mutanen da suka kunna wutar su ne ke gudu da bokitai suna neman mabuɗin sarƙar da suka ɗaura. Wata murya tana ta ihu: "Malam Barmo yana ciki! Malam Barmo yana ciki!"

Liang ya ga yadda suka yi, ya tambayi Mas'uda. Ta dubi Umar Faruƙ, ya ɗaga mata kai. Ta miƙa wayar. Liang ya kalla har ƙarshe, ya mayar da ita da hannu biyu, ya ƙara wa kowa shayi. Ya yi magana a hankali, doguwa. A ciki Munkaila ya tsinci kalma ɗaya da ya riga ya koya a shagunan Xiaobei: meyo, babu.

"Ya ce yana yi muku jaje," in ji Mas'uda, muryarta ƙasa-ƙasa. "Ya ce shi ma a bakin rami yake, ba zai iya tura kayansa inda ake wuta ba. Ya ce wataƙila wani lokaci."

Peng ne ya mayar da su gari. Da suka hau babbar gada, sai Umar Faruƙ ya ce, yana kallon taga:

"Da ka sa hannu shekaranjiya, da yanzu an gama."

"Da na sa hannu, da gidana suka ƙona, da iyalina a ciki." Munkaila ya juyo. "Wa ya sa hoton nan, Yallaɓai?"

Umar Faruƙ ya juyo daga tagar.

"Ni na ce a sa. Mutanen banki sun hana ni sakat, ina so su ga ana motsi. Ban yi tunanin..."

Bai ƙarasa ba, Munkaila kuma bai nemi ya ƙarasa ba. Ya san yaron nan tun yana zuwa kamfani da kayan makaranta yana wasa da sitiyari. Ya nemi fushin da zai yi da shi, ya tarar gajiya ta fi ƙarfinsa. Da suka sauka a bakin otal, Peng ya fito ya zagayo, ya riƙe hannun Munkaila ya ɗan matsa, sannan ya koma motarsa, don wayarsa ta riga ta nuna masa wani fasinja.

An fito da Malam Barmo da rai, amma hayaƙin ya gama da huhunsa. Da safe labari ya zo ya cika a asibiti. Hausawan Xiaobei suka ji, suka riƙa zuwa otal ɗin suna yi musu ta'aziyya kamar 'yan uwansa ne na jini. Alhaji Harouna ma ya zo, ya zauna ya yi addu'a mai tsawo. Da zai tafi ya ja Munkaila gefe.

"Malam, gara ka ji daga bakina. Mutanen Liang sun kira ni yau. Suna so in riƙa ɗaukar motocin a gama. Ban neme su ba, wallahi."

"Za ka karɓa?"

"In ban karɓa ba wani zai karɓa kafin la'asar."

"To Allah ya sa albarka," in ji Munkaila. Ya san inda motocin za su ƙare. Daga Kwatano zuwa Maraɗi, daga Maraɗi kuma ba nisa zuwa Katsina da Kano.

Mas'uda ta raka su filin jirgi. Ta sayo wa Munkaila 'yar tsaraba, mayafai biyu daga kasuwar Baima, ta ce ya kai wa Mama, wato matarsa. Ya yi godiya ya cusa a jaka.

Bai samu jana'iza ba. Daga tasha ko gida bai je ba, ya wuce Nasarawa, unguwar marigayin. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, ma'aikatan Rimi sun cika wurin. Ya yi sallama, aka amsa a ciki-ciki. Suka matsa suka ba shi wuri mai faɗi, fiye da abin da mutum ɗaya yake bukata. Sabiru ba ya nan, an ce yana tsare tare da wasu mutum kaɗan ana bincike. Munkaila ya yi addu'a, aka shafa, ba wanda ya dube shi.

Can aka aiko daga cikin gida cewa Hajjo, matar marigayin, tana son ganinsa. Ya shiga ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakinta. Tana zaune a ƙasa cikin mata, idanunta sun bushe.

"Munkaila, ka dawo."

"Na dawo, Yaya Hajjo. Ya haƙuri? Allah ya jiƙan Malam."

"Amin. Ranar nan na ce masa kada ya fita, ana yajin aiki. Ya ce shi ba aiki zai yi ba, zai je ya duba ko an rufe gwangwanayen da kyau, saboda zafi." Ta gyara mayafinta. "Ana ta faɗin magana a kanka. Shi dai har ya fita bai yarda ba. Ni nake tambayarka: ka sayar da su?"

"Ban sayar da kowa ba. Na so in ceci rabi ne."

"Shi yana cikin rabin?"

Munkaila ya sunkuyar da kai.

"Ban sani ba, Yaya. Ba mu kai nan ba."

Ta gyaɗa kai, ta ce ya gaida gida.

Sati na gaba Munkaila ne ya yi ta zirga-zirga da lauya har aka ba da belin Sabiru da sauran. Sabiru ya fito ya wuce shi a bakin kotu, ya shiga motar ƙaninsa. Ba a taɓa yin taron ma'aikatan da aka yi alkawari ba, don ba a sake buɗe ƙofar Rimi ba. Kafin damina ta faɗi banki ya karɓe wurin, aka yi gwanjon abin da wuta ta bari. Umar Faruƙ ya koma Abuja da zama.

Munkaila ya samu rumfa a bakin titin Kachia, yana walda ƙofofi da tagogi. Wasu daga cikin tsofaffin abokan aikinsa sukan tsaya su gaisa in sun biyo ta wurin. Mafi yawa sukan tsallaka titi tun daga nesa.